Malamar da ta bi sawun yara 506 har suka yi furfura

A tsakiyar shekarun 1930 wani likita da ya koyar a Jami'ar Harvard, Richard Cabot, ya ƙudura cewa za a iya tare yaro kafin ya faɗa laifi, in dai ya samu babban mutum mai kula da shi. Ya zuba dukiyarsa a wani shiri a garuruwan Cambridge da Somerville na jihar Massachusetts a Amurka. Aka tattara yara maza daga unguwannin talakawa, yawancinsu 'yan wajen shekara 10, aka jera su biyu-biyu, kowane yaro da takwaransa da suka yi kama a shekaru da basira da halin gida. Daga nan aka jefa kwabo. Wanda ƙuri'a ta faɗa kansa ya shiga shirin, ɗayan kuma aka bar shi ya ci gaba da rayuwarsa yadda take. Bayan ragin da aka yi lokacin yaƙin duniya na biyu, yara 506 suka rage, 253 a kowane ɓangare.

Waɗanda suka shiga shirin sun ga gata. Mai ba da shawara yana zuwa gidansu kamar sau biyu a wata, ana yi musu darasin ƙari, ana kai su asibiti, ana tura wasu sansanin hutu lokacin bazara. Haka aka yi ta yi har sama da shekara biyar, daga 1939 zuwa 1945. Duk wanda ya ji wannan tsari zai ce Allah ya saka wa Cabot da alheri, kuma lallai niyyarsa ta alheri ce. Amma alherin da ya fi daɗewa shi ne kwabon nan da ya sa aka jefa, domin shi ya ba da damar a dawo daga baya a auna abin da taimakon ya haifar.

Wadda ta yi awon ita ce Joan McCord. An haife ta a 1930, ta karanta falsafa a Jami'ar Stanford, sannan ta yi digirin digirgir a ilimin zamantakewa a can. Tun tana matashiya ta fara hulɗa da takardun shirin Cabot, har suka fitar da littafi a kansu ita da mijinta na lokacin a 1959. Aure ya mutu, ta ci gaba da renon 'ya'yanta biyu tana karatu tana koyarwa. A tsakiyar shekarun 1970 ta ɗauki aikin da mutane da yawa za su ce ba zai yiwu ba: nemo yaran nan, waɗanda a lokacin sun doshi hamsin, sun watsu a faɗin Amurka. Ta bi kundin kotuna, da na asibitocin masu taɓin hankali, da na cibiyoyin masu fama da giya, da rajistar mutuwa, ta aika wasiƙu. Ta gano inda fiye da kashi 90 cikin 100 suka ƙare.

A 1978 ta wallafa sakamakon a mujallar American Psychologist, kuma bai yi wa kowa daɗi ba. Yaran da aka taimaka ba su fi takwarorinsu tsira daga laifi ba. Hasali ma sun fi su maimaita laifi, sun fi su faɗawa shaye-shayen giya da taɓin hankali mai tsanani, sun fi su mutuwa da wuri, ayyukan da suka samu kuma sun fi zama na ƙasa-ƙasa. Wanda ya fi daɗewa a shirin, shi lamarin ya fi taɓawa. Ga kuma abin da ya fi tsaya mini a rai: da ta tambayi mutanen da kansu, kusan biyu cikin uku suka ce shirin ya amfane su. Suna tuna masu ba su shawara da ƙauna, wasu ma suna ganin ba don su ba da sun ƙare a kurkuku. Ba ƙarya suke yi ba. Sai dai ba wanda ya san yadda rayuwarsa za ta kasance in da kwabon ya faɗi ta ɗaya fuskar. Takwaransa ne kawai ke iya nuna hakan, shi kuma bai san da shi ba.

A nan ne nake ganin darajar malamin jami'a mai nazarin laifuka. Ɗan siyasa yana buƙatar sakamako kafin zaɓe, ƙungiyar agaji tana buƙatar rahoto kafin kuɗi su ƙare, iyaye suna buƙatar ɗansu ya natsu yau. Wanda ke da damar jira shekara talatin, ya kuma faɗi abin da ya gani ko da ya saɓa wa son ransa, shi ne wanda albashinsa bai dogara da amsar ba. McCord ba maƙiyiyar taimakon yara ba ce. Abin da ta yi ta nanatawa har ƙarshen rayuwarta shi ne, tunda ba a sakin sabon magani kasuwa sai an gwada illarsa, bai kamata a saki shirin gyaran hali kan yara ba tare da irin wannan gwaji ba.

Me ya jawo illar? Ta kawo dalilai da dama da za su iya zama sanadi: mai yiwuwa yaran sun saba da dogaro da wani, sai aka janye, mai yiwuwa an ɗaga musu buri zuwa inda rayuwa ba ta kai su ba, mai yiwuwa zuwan baƙo gida a kai a kai ya sa yaro ya ɗauki kansa mai matsala. Amma dalilin da ya fi samun hujja ya fito daga sansanin hutu. Yaran da aka tura sansanin fiye da sau ɗaya su ne suka fi lalacewa idan aka kwatanta da takwarorinsu. A 1999 ita da Thomas Dishion da François Poulin suka haɗa wannan da binciken da Dishion ya yi a jihar Oregon, inda ya ɗauki hirar samari a bidiyo. Ya ga cewa idan abokai suna ƙyalƙyala dariya duk lokacin da ɗayansu ya kawo zancen karya doka, to shekaru kaɗan bayan nan halin nasu ƙaruwa yake yi. Dariyar ce ladan, ita ke koyar da su. Bahaushe ya riga ya faɗa, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Abin da binciken ya ƙara shi ne, sau da yawa hukuma ce da kanta ke tara masu kanwar a ɗaki ɗaya da sunan gyara.

Ba ita kaɗai ta ci karo da irin wannan ba. A gidan yarin Rahway na jihar New Jersey an taɓa ƙirƙiro shirin kai yara masu ƙiriniya su ga fursunoni, a tsorata su da zagi da barazana don su shiga taitayinsu. Fim ɗin da aka yi a kai a 1978 har kyautar Oscar ya ci. James Finckenauer na Jami'ar Rutgers ya auna shirin, ya ga yaran da aka tsorata sun fi waɗanda ba a kai ba komawa laifi. Daga baya Anthony Petrosino da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwaje tara na irin shirin, amsar ba ta canja ba.

McCord ta koyar a Jami'ar Drexel, sannan a Jami'ar Temple, duka a birnin Filadelfiya. Ita ce mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar masana nazarin laifuka ta Amurka, a ƙarshen shekarun 1980. Ta rasu a 2004.

Idan wani ya ce irin wannan aiki a ɗakin karatu yake ƙarewa, sai ya dubi Sukotlan. A 1998 masu bincike a Jami'ar Edinburgh suka fara bin yara kusan 4,300 da suka shiga sakandare a birnin a wannan shekara, aikin da Lesley McAra da Susan McVie suka ja ragamarsa tsawon shekaru. Sun gano cewa 'yan sanda sun fi kama yaran da suka riga suka sani, musamman na gidajen talakawa, ko da akwai wasu masu laifi iri ɗaya. Sun gano cewa yaron da aka kora daga makaranta yana ƙarami ya fi kusa da ƙarewa a kurkuku. Sun kuma kwatanta yara masu hali iri ɗaya, suka ga wanda hukuma ta fi nutsar da shi cikin shari'a shi ya fi jinkirin daina laifi. Wannan hujja na daga cikin abin da ya sa ƙasar ta karkata ga kawar da yara daga kotu tun da wuri, kuma a 2019 majalisarta ta ɗaga shekarun da za a iya ɗora wa yaro alhakin laifi daga 8 zuwa 12.

Tushen duk wannan wani abu ne da ake koya wa ɗalibin nazarin laifuka tun shekarar farko: laifi yana hauhawa a ƙuruciya, ya kai ƙololuwa wajen ƙarshen shekarun goma sha, sannan ya sauka. Yawancin samari da kansu suke dainawa. Robert Sampson da John Laub, waɗanda suka tono tsofaffin takardun wasu kangararrun yara 500 na birnin Boston suka bi su har shekara 70, sun nuna cewa aure mai ɗorewa da aiki tsayayye na cikin manyan abubuwan da ke juya mutum. Saboda haka duk abin da ya raba yaro da makaranta ko sana'a, ya ɗaura masa sunan ɓarawo a unguwa, yana toshe masa ƙofar da zai fita ta cikinta.

Mu a nan wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Muna da 'yan daba a Kano, 'yan sara-suka a Bauchi, 'yan kalare a Gombe, 'yan shila a Yola. Muna da gidajen horon kangararrun yara na gwamnatin tarayya a Kaduna da Ilori da Abekuta, da kuma gidajen mari da iyaye ke kai 'ya'yansu idan sun rasa yadda za su yi. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, akwai yara a cikinsu. A watan Nuwamba na 2024 ƙasa ta ga yara sun yanke jiki sun faɗi a gaban kotu a Abuja, bayan wata uku a tsare kan zanga-zangar tsadar rayuwa. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ce tsare yaro shi ne mataki na ƙarshe, amma rubutu a takarda ba ya tafiyar da kansa.

Ba na zargin uwar da ta kai ɗanta gidan mari. Ta ga wani ya fito ya natsu, an kuma ba ta labarinsa. Ba wanda ya ba ta labarin sauran, haka ba wanda ya nuna mata yaro mai irin halin ɗanta da aka bari a gida aka sa shi koyon walda ko ɗinki. Wannan kwatancin aikin jami'o'inmu ne, tunda yanzu da yawansu suna koyar da nazarin laifuka da harkar tsaro. Ina so in ga wani sashe a Kano ko Zariya ko Maiduguri ya zaɓi yara dubu ɗaya daga unguwanni daban-daban, da yardar iyayensu da alkawarin rufa musu asiri, ya riƙa komawa gare su duk shekara biyu. Zai buƙaci ma'ajiyar takardu da ba za ta watse ba idan shugaban sashe ya sauka, da kuɗin da ba na shekara ɗaya ba, da tsarin ƙarin girma da ba zai hukunta malamin da ya yi shekara biyar yana tattara bayanai bai wallafa komai ba. Malamin da ya fara wannan aiki yana ɗan shekara 35 zai ga amsa ta farko mai ƙwari kafin ya kai 50, ragowar kuma ɗalibansa ne za su karɓa.