Masu Fafutikar Hana Magungunan Feshi Masu Guba: Misali Daga Tarihin Endosulfan

Manufar wannan takarda ita ce a yi bayani a kan wani rukunin mutane da ba safai akan ambace su ba idan ana zancen aikin gona, watau masu fafutikar hana amfani da magungunan ƙwari masu guba. Galibi an ɗauke su a matsayin masu hayaniya, waɗanda ba su san zafin fartanya ba. Ni kuwa a ganina jigon aikinsu shi ne tara hujja, kuma mafi yawan masu tara ta mazauna karkara ne. Zan yi ƙoƙarin nuna haka da tarihin magani guda ɗaya, wanda ake kira endosulfan.

Kafin nan ya kamata a taɓo asalin al'amarin. A shekarar 1962 wata masaniyar halittun ruwa a Amurka, Rachel Carson, ta buga littafinta mai suna Silent Spring, inda ta bayyana yadda maganin DDT yake taruwa a jikin kifi da tsuntsaye, ba ya narkewa. Kamfanonin magunguna sun yi mata ca, ta kuwa rasu a 1964, amma a 1972 Amurka ta hana fesa DDT a gonakinta. To, sai dai hanin bai hana a ci gaba da sayar wa ƙasashe matalauta irin waɗannan magunguna ba. Wannan ne ya sa a 1982 wakilan ƙungiyoyi daga ƙasashe da dama suka taru a Penang ta ƙasar Malesiya suka kafa gamayyar nan da ake kira PAN, wadda reshenta na Afirka yake a Dakar.

Shi endosulfan magani ne mai araha, yana kashe ƙwari iri-iri, shi ya sa manoma suka karɓe shi hannu biyu-biyu. Illarsa ita ce yana taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Wanda ya haɗiye shi yakan kama jijjiga kamar mai farfaɗiya, sau da yawa kuma rai yakan yi halinsa kafin a kai ga asibiti.

A gundumar Kasaragod ta jihar Kerala, a kudancin Indiya, wani kamfani mallakar gwamnatin jiha yana da manyan gonakin yazawa. Tun daga ƙarshen shekarun 1970 yake fesa musu endosulfan da jirgi mai saukar ungulu, har fiye da shekara ashirin. Wurin kuwa tuddai ne da ƙoramu, gidajen mutane da rijiyoyinsu suna daura da gonakin. Wanda ya fara sa ido sosai wani likita ne mai duba marasa lafiya a ƙauyen Padre, Mohan Kumar. Ya lura cewa farfaɗiya da naƙasar haihuwa da raunin ƙwaƙwalwa sun yi yawa a 'yan gidajen da ke bakin wata ƙorama. Bai san dalili ba, amma ya shiga rubuta sunan kowane gida da irin cutar da ke cikinsa, sa'an nan ya rubuta wa mujallar likitocin jihar yana roƙon masana su zo su bincika. Wani ɗan jarida kuma manomi, Shree Padre, ya riga ya ba da labarin 'yan maruƙan da ake haifa da gurguwar ƙafa a yankin. Har ila yau akwai Leelakumari Amma, wadda malamar gona ce ta gwamnati, watau ɗaya daga cikin masu koya wa manoma feshin. A 1998 ta kai ƙara kotu, aka ba da umurnin dakatar da feshi a yankinsu. Ku dubi wannan lamari da kyau, ma'aikaciya ce ta kai ƙarar kamfanin gwamnatin da take ci a ƙarƙashinta.

Sai a 2001 ne wata cibiyar nazarin kimiyya da muhalli da ke Delhi ta auna jini da ruwa da ƙasar Padre ta sami maganin a cikinsu. Masu sana'anta shi suka ce awon ba daidai ba ne, aka yi ta kafa kwamiti bayan kwamiti, wani ya wanke maganin, wani ya tuhume shi. A nan ne wahalar aikin take. Abu ne mai sauƙi a nuna cewa mutum ya sha guba ya mutu, amma a tabbatar da cewa naƙasar yaro daga feshin shekara goma baya ta samo asali, wannan sai an yi da gaske. Abin da ya riƙe zancen bai mutu ba shi ne lissafin nan na gida-gida da aka daɗe ana yi.

Misali na biyu daga maƙwabtanmu yake. A ƙarshen shekarun 1990 tsutsar da ke cin ƙwallon auduga ta daina jin magungunan da aka saba fesa mata a Afirka ta Yamma, don haka aka komo da endosulfan cikin kayan da ake raba wa manoman auduga. A kakar 1999 zuwa 2000 hukumar aikin gona ta lardin Bargu a Jamhuriyar Benin ta ƙidaya aƙalla mutum 37 da suka mutu. Wata ƙungiyar ƙasar mai suna OBEPAB, tare da PAN, ta bi ƙauyuka tana tambayar yadda kowace mutuwa ta auku. Abin da aka gano ya karya zaton da aka yi, domin da yawa ba a wajen feshi suka gamu da ajalinsu ba. Wasu sun ci masara ko ganyen miya da aka shuka a tsakiyar auduga, wasu an zuba wa hatsinsu maganin don gudun ƙwari, wasu kuma sun sha ruwa a jarkar da aka juye shi. Ashe ke nan gargaɗin da aka rubuta a jikin kwalba da Faransanci, cewa a sa safar hannu da takunkumi, bai ko kusanci matsalar ba. Duk wanda ya san yadda ake sayar da fiya-fiya a kasuwanninmu, ko ya tuna cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda yawan maganin ajiya da ke jikinsa, ba zai ji wannan labari baƙo ba.

Kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel, wanda Nijar da Cadi suke ciki, ya yanke shawarar hana endosulfan a 2007, Benin ta bi sahu a 2008. A Afrilun 2011 aka sa shi cikin jerin gubobin da Yarjejeniyar Stockholm ta ce a kawar daga duniya, duk da turjiyar Indiya, wadda a lokacin take cikin manyan masu sana'anta shi. A watan Mayu na shekarar Kotun Ƙolin Indiya ta hana shi a ƙasar baki ɗaya.

Akwai sukar da ake yi wa waɗannan mutane, kuma ba duka ba ce ta banza. Manomin da tsutsa ta cinye wa auduga, ga bashin taki a wuyansa, idan ka ce masa ya bar feshi ba ka ba shi madadi ba, ka bar shi ne tsakanin guba da yunwa. Ita kanta Yarjejeniyar Stockholm ta bar ƙofa a yi amfani da DDT wajen yaƙi da sauro, saboda zazzaɓin cizon sauro shi ma kisa yake yi. Abin da ya burge ni game da OBEPAB shi ne ba ta tsaya ga ƙidayar gawa ba. Ta zauna da manoma a gonakinsu tana koya musu noman auduga ba tare da gubar kanti ba, da ruwan 'ya'yan darbejiya, da sauya shuka, da rarrabe ƙwaron da ke ɓarna daga wanda ke cinye mai ɓarnar, ta kuma nema musu masu sayen irin wannan auduga. Gaskiya ne masu bin wannan hanya 'yan kaɗan ne idan aka gwada da ɗaukacin manoman audugar ƙasar.

Hani kuma ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu. A Janairun 2017 Kotun Ƙolin Indiya ta umurci gwamnatin Kerala ta biya kowane wanda abin ya shafa rupi 500,000. Shekara biyar bayan haka, a 2022, sai da iyayen yaran da masu taya su fafutika suka sake komawa gaban kotun, ta tsawata wa gwamnatin, kafin dubban mutanen da suka rage su karɓi haƙƙinsu.