U-28, Jirgin da Ya Yi Kwanton Ɓauna a Hanyar Gyaɗarmu

Mutumin Gwarzo ko Kabo, in ana zancen babban ruwa, madatsar Challawa ta Ƙaraye ce za ta faɗo masa a rai. Teku kuwa sai a labari. Amma tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar da manoman ƙasar Kano ke ɗora wa jakai ta zama kayan teku: daga Kano zuwa Ikko, daga Ikko jiragen kamfanin Elder Dempster su kai ta Liverpool. A kan wannan hanya jirgin Jamus mai nutso, U-28, ya yi kwanto.

A Danzig aka ƙera shi, ya shiga aiki a Yunin 1914, ana gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kada a ɗauka kamar kifi yake rayuwa. Yawancin tafiyarsa a saman ruwa yake yi da injin dizal, yana cajin batura. In ya nutse, baturan ne ke jansa, a hankali, kuma ba ya jimawa sai ya taso neman iska.

Ranar 28 ga Maris 1915 ya tare Falaba, jirgin fasinjan Elder Dempster da ya baro Liverpool kwana ɗaya kafin nan zai nufo Afirka ta Yamma. Kwamandan U-28, von Forstner, ya ce kowa ya fita. Ana cikin sauke kwale-kwalen ceto, wasu na rataye da mutane a ciki, ya sakar masa bam mai tafiya cikin ruwa. Mutum 104 suka halaka. Ingila ta ce 'yan mintoci kawai aka ba su, Jamus ta ce sun fi ashirin. Ko ma wa ke da gaskiya, an harba ne mutane ba su gama fita ba.

Duniya ta fi kama sunan mutum guda, Ba'amurke Leon Thrasher, domin mutuwarsa ta fara ɓata tsakanin Amurka da Jamus tun kafin a nutsar da jirgin Lusitania a watan Mayu.

Ƙarshen U-28 ya zo ranar 2 ga Satumba 1917, can arewacin Norway. Ya matsa kusa da wani jirgin Ingila, Olive Branch, yana yi masa luguden wuta, ashe albarusai ne maƙare a cikinsa. Da suka tashi, har da U-28 suka tafi. Cikin mutum 39 da ke cikinsa babu wanda ya tsira.