Ƙara wa Katin Hoto Gudu a Zafin Zamfara

Mai haɗa bidiyon biki a Gusau, ko mai shagon wasan kwamfuta a Tsafe, kan ji ana cewa katin hoto na kwamfuta zai iya ƙara gudu ba tare da an kashe ko sisi ba. Haka ne. Sai dai da dama daga cikin masu koyar da dabarar suna zaune ne a ƙasashe masu sanyi, mu kuwa a watan Afrilu zafi kan kai digiri 40.

Kowane kati yana da ma'aunin saurin aikinsa, ana lissafa shi da megahaz. Ɗauki GTX 1060 da Nvidia ta fitar a 2016: kamfanin ya tsayar masa da megahaz 1708 da wat 120 na lantarki, ya bar ɗan sarari don kariya. Wannan sararin ake ci.

Kafin ka taɓa komai, buɗe kwamfutar ka kakkaɓe ƙurar hunturu daga fanka da ƙarfen sanyaya. Sau da yawa wannan kaɗai kan dawo da gudun da ya ɓace. Sannan ka sauke manhajar MSI Afterburner, ka kunna gwajin Unigine Heaven, ka rubuta makin da kati ya ci da zafin da ya kai. In ba ka rubuta ba, da me za ka gane ka ci riba?

Yanzu a cikin Afterburner ƙara megahaz 15, ka sake gwaji na minti ashirin. In lafiya, ƙara wasu 15. Da zarar ka ga ɗige-ɗige masu launi a allo, ko hoto ya daskare, ka kai iyaka. Koma baya taki biyu ka tsaya. Haka za ka bi da ƙwaƙwalwar katin, hamsin-hamsin.

Ma'aunin ƙarfin wuta kuwa, roƙona ka bar shi yadda yake. Zafi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi, gaba yake yi: ƙarin kashi 10 na ƙarfin wuta kan jawo fiye da kashi 20 na zafi. Katunan Nvidia da dama kuma, da sun kai digiri 83, da kansu suke rage gudu don kada su lalace. Ka ga kenan katin da ya yi rawar gani da asubar Janairu zai iya komawa gidan jiya da azahar ɗin bazara, ga fanka na ihu a banza. Saboda haka yi gwajinka a lokacin da ɗakin ya fi zafi.

Ribar duka ba ta cika wuce kashi 5 zuwa 10 ba. Wanda ke aiki da sola ko janareta a Bungudu ya auna wannan da batirinsa da kuɗin mai. Ni dai da bazara akasin haka nake ba da shawara: a cikin Afterburner ɗin a rage wa kati ƙarfin wuta kaɗan, a bar gudunsa inda yake. Zai huce, fanka ta lafa, aiki kuma ya tafi bai ɗaya har la'asar.