Yadda A Ke Fama Da Ganye Da Ruwa A Zangunan Karaban Na Ingila

Mu a nan ƙasar, in an ce kaka ta yi, to, murna ta zo ke nan. Ruwa ya ɗauke, amfanin gona ya iso gida, hanyoyi sun bushe, mai niyyar tafiya sai ya ɗaure kayansa. A Ingila kuwa ba haka abin ya ke ba. Kakarsu, watau daga watan Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba, ita ce lokacin da yini ke gajarta, ruwan sama ya ƙaru, itatuwa su zubad da ganyensu. Watakila mai karatu ya ce, ina abin damuwa a ganye? Wanda ke riƙe da zangon karaban a can ba zai yi wannan tambaya ba, gama ya san in ganye da ruwa suka haɗu su kan ci dukiya, wani lokaci har da rai.

Mene Ne Karaban?

Asalin kalmar daga Farisanci Turawa suka aro ta, ma'anarta kuwa ayari, irin na fatake. Daga baya suka mai da ita sunan wani ɗaki mai ƙafafun mota, wanda a ke ɗaura wa mota ta ja shi. A ciki akwai gadaje, da wurin dafa abinci, da na wanka. Akwai kuma manya waɗanda a ke girkewa wuri guda, ba a jansu sai in za a sāke musu mazauni. Mutumin da a ke ambata da fara wannan yawo don nishaɗi shi ne Likita William Gordon Stables, wanda a 1885 ya sa aka ƙera masa irin wannan ɗaki, dawaki biyu suka ja shi tun daga kudancin Ingila har Sikotlan. A 1907 masu sha'awar abin suka kafa ƙungiyarsu, Caravan Club, wadda aka ƙara wa suna a 2017 ta zama Caravan and Motorhome Club.

Tun da ayari ne, ai ba shi rasa zango. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu zangunan suka yi yawa barkatai, har Majalisar Dokokin Ingila ta yi musu doka a 1960. Bisa ga wannan doka, mai fili ba shi da ikon buɗe zango sai da lasin daga majalisar gundumarsa, ita kuwa tana da ikon gindaya masa sharuɗɗa a kan magudanar ruwa, da hanyoyi, da kayan kashe gobara, da tazarar da za a bari tsakanin ɗaki da ɗaki. Tazarar da aka fi sani ita ce mita 6, wajen ƙafa 20 ke nan, domin in wuta ta kama ɗaya kada ta lashi na kusa. An sassauta wa ƙananan wurare waɗanda ba su saukad da fiye da karaban 5, muddin wata ƙungiya da Gwamnati ta yarda da ita ta ba su takardar shaida. Kowane babban zango yana da mai kula da shi, kwatankwacin sarkin zango a wurinmu. Shi ke ba baƙo masauki, shi ne kuma wanda ɗawainiyar kaka ke hawa kansa.

Abin Da Ke Sa Ganye Ya Zube

Itace yana dafa abincinsa a cikin ganye da taimakon hasken rana. In yini ya gajarta, sanyi ya fara shiga, ganyen ba shi da sauran amfani, sai ɓarnar ruwa. Sai itacen ya janye abin da ke da amfani daga cikinsa, koren ya gushe, ja da rawaya su bayyana, sa'an nan ya toshe gindin kowane ganye har ya faɗi. Dabarar da kukarmu ke yi ke nan da rani, sai dai ita gudun fari ta ke yi, su kuwa gudun sanyi. Bambancin da ya fi muhimmanci shi ne, ganyen kuka a busasshiyar ƙasa ya ke faɗuwa, iska ta kwashe ko dabbobi su cinye, na Ingila kuwa a cikin ruwa ya ke sauka, ya jiƙe, ya liƙe, ya ruɓe a inda ya faɗi.

Abin mamaki, ruwan da a ke yi a London cikin shekara bai wuce wajen inci 24 ba, bai ma kai na Kano ba. Amma namu a cikin wata huɗu ko biyar ya ke zuba, rana ta biyo baya ta shanye. Nasu yayyafi ne na yau da gobe, ga rana ba ƙarfi, a ƙarshen Disamba ma tun kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi. Saboda haka ƙasar da ta jiƙe a Oktoba ta kan kai Maris ba ta bushe ba. A yammacin ƙasar kuwa, wajen duwatsun Cumbria inda masu yawon hutu ke yawan zuwa, akwai inda ruwan shekara ke wuce inci 120. A can ne a Disamba 2015 aka auna fiye da inci 13 cikin awa 24 a wani wuri mai suna Honister.

Ɓarnar Jiƙaƙƙen Ganye

Ɓarna ta fari ita ce toshe magudana. Ganye ya kan taru a bakin lambatu, ya rufe ragar ƙarfen da ke kai, ruwa ya rasa hanya, ya kwanta a kan titi da ƙarƙashin ɗakuna. Ta biyu santsi. Jiƙaƙƙen ganye in ƙafa ko taya ta taka shi ya kan zama kamar sabulu, da yawa daga masu zuwa zango a wannan lokaci kuwa dattawa ne da suka bar aiki, waɗanda faɗuwa guda ta isa ta karya musu ƙugu. Kada a raina wannan santsi. Jirgin ƙasa ma da nauyinsa ya kan kasa tsayawa daidai in ganye ya niƙe a kan dogo, har hukumar jiragen ta tanadi jirage na musamman masu wanke dogo da ruwa mai ƙarfi, a wadansu hanyoyi kuma a kan sāke lokutan tafiya saboda kaka.

Ta uku ita ce kashe ciyawa. Yawancin masaukai a kan ciyawa su ke, in ganye ya rufe ta mako biyu ko uku sai ta rasa haske ta mutu, wurin ya koma taɓo. Mota mai jan karaban in ta shiga irin wannan wuri sai ta kafe, sai an kawo tantan ya fid da ita, ramin da ta bari kuma ya zama aikin bazara. Don haka ne masu zango ke shimfiɗa tsakuwa a wadansu masaukai, in ruwa ya yi yawa su rufe na ciyawa su mai da baƙi can.

Ta huɗu a jikin ɗakin kansa ta ke. Ganye ya kan cika indararo da kewayen tagar rufi, ruwa ya tsaya, ya sami ɗan tsagi ya shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Laima in ta shiga bangon karaban ba ta yin shela, a hankali ta ke cin katako, sai ran da mai shi ya ji ƙasan ɗaki ya yi taushi, ko ya ga fumfuna a lungu, lokacin kuwa gyara ya riga ya yi tsada. Mafi hatsari duka shi ne ganye ya toshe bututun hayaƙin murhu ko kafofin shan iska. Da iskar gas a ke ɗumama waɗannan ɗakuna, in kuwa wutar ba ta sami isasshiyar iska ba, ta kan fid da wata guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, ta kashe mai barci bai sani ba. Shi ya sa a ke gargaɗin kowa ya rataya na'urar da ke ƙara in gubar ta taru.

Yadda A Ke Aikin

Mai kula da zango ba ya jiran ganye ya gama zuba. Tun daga Oktoba ya kan fita kowace safiya da manjagara da baro, ko da injin hura iska, ya fara da bakin lambatu, da matakala, da hanyar makewayi, gama nan ne ƙafa ta fi bi. Sa'an nan ya koma kan ciyawa. Ganyen da aka tara ba a zubad da shi banza. A kan zuba shi cikin wani shinge na waya, a bar shi shekara ɗaya ko biyu, ya ruɓe ya zama baƙin taki mai taushi wanda a ke mayarwa gindin shuke-shuke. Ba a son ƙona shi, don hayaƙin ɗanyen ganye na damun maƙwabta, ga kuma tsoron gobara. Har ila yau bushiya ta kan shige cikin tarin ganye ta yi barcin hunturu, saboda haka a kan roƙi jama'a su bincika tari kafin su cinna masa wuta, tun ba ma daren 5 ga Nuwamba ba, da a ke bikin hura wuta ko'ina a ƙasar.

Itatuwan kansu ma sai an duba su. A daren 15 wayewar 16 ga Oktoba 1987 wata guguwa ta ratsa kudancin Ingila, ta kā da itatuwa wajen miliyan 15, mutum 18 suka rasu. Abin da ya ƙara ɓarnar shi ne itatuwa ba su riga sun zubad da ganye ba, iska ta sami abin kamawa, ƙasa kuma ta riga ta jiƙe, saiwa ba ta da ƙarfin riƙo. Garin Sevenoaks, wanda ke alfahari da wadansu manyan itatuwa 7, ya wayi gari da guda ɗaya tak a tsaye. Ɗakin karaban kuwa ba shi da ƙarfin da zai tare reshe, balle kututture.

Zangunan Bakin Ruwa

Mutane na son sauka a bakin teku ko gefen kogi, zanguna da yawa kuwa a irin waɗannan ƙananan wurare su ke. A daren 31 ga Janairu 1953 teku ta ɓalle a gabashin Ingila, mutum 307 suka halaka, da yawansu a cikin ƙananan gidajen katako na bakin gaɓa. A Fabrairu 1990 ganuwar teku ta karye a Towyn, cikin ƙasar Wales, ruwa ya malale gidaje da zangunan karaban, aka kwashe dubban mutane. Don gudun irin wannan ne a gaɓar Lincolnshire, wajen Skegness da Mablethorpe inda karaban ke jere dubbai, yawancin zanguna ba a yarda a kwana cikinsu da hunturu ba: a kan buɗe a Maris, a rufe da wucewar kaka. Hukumar kula da muhalli, wadda ta fara aiki a 1996, tana ba da gargaɗin ambaliya hawa uku, daga a yi hattara, zuwa a ɗauki mataki, zuwa rai na cikin hatsari. Mai zangon kirki ya kan rubuta tun da wuri wa zai tā da baƙi, ta wace hanya za a fita, a ina za a taru.

In lokacin rufewa ya yi, mai karaban ya kan share rufi, ya kwance rumfar tamfol ya shanya ta, ya tsiyaye ruwan famfo kaf don kada ya daskare ya fasa bututu, ya rufe tukunyar gas, ya jingine katifu don iska ta ratsa. Wanda ya yi sakaci da wannan, ran da ya komo da bazara zai tarad da abin da ya shuka.

To, jama'a, duk wannan aiki da manjagara da tsintsiya a ke fara shi, kuma kafin ruwa ya sauko a ke yinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Malamin da ya karanta wannan, ko ma'aikacin ofis, in ya fita ya dubi lambatun da ke bayan makarantarsa ko ofishinsa tun damina ba ta faɗi ba, ya ga abin da ya taru a ciki, ya sa a yashe shi.