Ko Kun Sani? Cajar Waya Ma Tana Gurɓata Wuta

Wutar da kamfanin SBEE ke rabawa a unguwar Zango ta Kwatano tana zuwa da ƙarfin volt 220, tana kai da komo sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya. Sai dai cajar waya da kwamfuta da ƙwan fitila na LED da injin walda na zamani ba sa jan wuta a tsanake, fizgarta suke yi. Fizgar nan kan haifar da ƙananan igiyoyi masu bugawa sau 150 ko 250 a daƙiƙa. Masu 150 ɗin sun fi ɓarna, domin taruwa suke yi a wayar da wuta ke komawa ta cikinta, su gasa ta, su kuma ɗora wa taransfomar unguwa zafi. Caja ɗaya ba komai ba ce, amma a layin shaguna da kowa ya jona, abin yana yawa.

Maganinsa wata matatar lantarki ce da ke auna wutar kowane lokaci, ta gano gurɓatar, ta turo kishiyarta daidai gwargwado, sai su kashe juna. Injiniyan Japan Hirofumi Akagi da abokan aikinsa ne suka fitar da lissafin da ake yawan gina ta a kai, a 1983.

Sitabilaizar da aka saba saye kuwa ƙarfin wuta kaɗai take daidaitawa. Wannan gurɓata tana wuce ta.