Giginya Ta Tsufa, Ina 'Ya'yanta? Jan Hankali Ga Mutanen Tanda

Ƙasar Gaya ta fi ko'ina a Nijar samun ruwan sama, wajen milimita 800 a shekara. Baƙon da ya gangaro daga arewa ya ga giginya jere a gonaki, ga ɗorawa da kaɗanya, ga kogin Isa shimfiɗe tsakaninmu da Benin, sai ya ce nan kam babu abin da ya same su. Mu ma da muke Tanda da ƙauyukanta haka muke gani, domin itatuwan da muka buɗe ido muka tarar suna nan tsaye. To, tsayuwar manya ba ta isa shaida ba. Daji yana iya cika da tsofaffin itatuwa alhali ya daɗe da daina haihuwa.

Masu binciken zaman tsirrai da dabbobi ba sa tsayawa kallon tsawon itace. Igiya suke ja su kewaye fili, su ƙirga abin da ke ciki: tsofaffi nawa, matasa nawa, tsiron bana nawa. Idan ƙanana sun rinjayi manya, daji na da gobe. Idan manya ne kawai, sun san saura lokaci. Wannan lissafi bai buƙaci takardar jami'a ba. Kowane manomi zai iya zagaya gonarsa da safe ya yi shi, kuma da yawanmu ba za su ji daɗin abin da zai fito ba.

Giginya ita ce ta fi cancantar a fara da ita, domin kurmin giginyar bakin kogi da na Dallol Mauri shi ne mafi girma a Nijar. Tana da namiji tana da mace, kuma macen ce kaɗai ke 'ya'ya. Ƙwallon da ya faɗi ƙasa yakan tura saiwa can ciki tukuna, sannan ganye ya leƙo. Daga nan sai ta yi shekaru tana zaune a ƙasa, ganye kawai ba gangar jiki, daidai bakin akuya da kofaton saniya da wutar daji da kaifin garma. Wadda ta tsallake wannan ce ke miƙewa, kuma kafin ta fara 'ya'ya sai yaron da aka haifa ranar da ta tsiro ya girma. A tashar bincike ta Lamto a ƙasar Kwaddibuwa, wadda aka kafa a 1962, masana sun yi shekaru suna bin giginya daga ƙwallo har tsufa, kuma abin da suka gani shi ne mafi yawan tsiron yana mutuwa tun yana ƙarami, kaɗan ne ke kai wa ga girma. Wato ko ba hannun mutum, giginya sai ta zubar da ƙwallo mai yawa kafin ta samu magaji ɗaya.

Nan ne maganar muruci ta shigo. Muruci abinci ne, kuma sana'a ce ta halal da ke rufa wa gidaje da yawa asiri, mata da yara na samun na cefane da shi, ana kai shi kasuwannin Gaya da Malanbil da Kamba. Amma mu gaya wa kanmu gaskiya: kowane muruci ɗaya giginya ce da aka ci tun tana jaririya. Idan aka tsince ƙwallon da ya faɗi kaf, aka binne a rami, aka haƙe bayan 'yan watanni aka dafa, to shekarar nan kurmi bai haifi komai ba. A maimaita haka shekara ashirin, a gefe guda kuma ana sarar manya don azara saboda gara ba ta cin ta da sauƙi, sai ka ga an ci itacen ta sama an ci ta ƙasa.

Da can giginya tana da mai yi mata dako. Giwa ce ke haɗiye 'ya'yan, ta yi tafiya mai nisa, ta kasayar da ƙwallon cikin taki. Yau giwayen yankin sun koma gandun dajin W, wanda aka ayyana a 1954, ƙwallo mai nauyi kuwa ba iska ke ɗaukar sa ba. Aikin giwa ya dawo wuyan mutum, ko ya sani ko bai sani ba. Bayan farin 1973 da na 1984 an yi wa kurmin nan sara mai tsanani, har a shekarun 1990 aka zo da wani shiri da tallafin ƙasar Suwis wanda ya damƙa kula da giginya a hannun ƙauyuka, su shuka, su tsare, su amfana. Inda aka riƙe tsarin da gaske an ga tsiro ya dawo. Dokar gandun daji kuma har yanzu ta hana sare giginya ba da izini ba. Maganar muruci kuwa, gyaranta na masu gona ne: daga kowace mace a bar wani kaso na ƙwallo, a binne shi inda ake son itace, a kewaye tsiron da ƙaya.

Ɗorawa kuma tata matsalar da dare take. Furenta jajaye masu reto da yamma suke buɗewa, kuma tun 1957 masu bincike biyu, Baker da Harris, suka bayyana a Gana cewa jemagu ne ke zuwa shan zaƙin furen, su kwashi garinsa a jiki su kai wa wata ɗorawar. Zuma ma tana taimakawa. Ba wannan ziyara, ba kalwa, ba daddawa. Wani binciken da aka yi a Gana, inda aka maƙala wa manyan jemagu na'urar bin sawu, ya nuna suna iya kai irin itace har nisan kilomita 75 daga inda suka ci shi. Saboda haka yaron da ya tasa itacen da jemagu ke kwana da danƙo, ko mai gonar da ya banka musu hayaƙi saboda sun taɓa masa mangwaro, tukunyar miyar gidansu yake taɓawa. Ba a ce a rungume su ba. Jemage na iya ɗaukar cuta, kada a kama shi da hannu, kada a ci, kada a ɗauki 'ya'yan itacen da ya gatsa. A ƙyale shi kawai ya yi aikinsa.

Ita ma kaɗanya da zuma ta dogara. Bincike a Burkina Faso ya nuna kaɗanya na ƙara 'ya'ya a inda ake da itatuwa iri-iri da ke ciyar da ƙudan zuma. Mai cin zuma da ke ƙone gidanta ƙurmus, da mai feshin da ke sayen maganin ƙwari marar takarda a kasuwar kan iyaka ya fesa da rana tsaka lokacin da amfani ke fure, su biyun suna rage man kaɗen da mata za su samu. In feshi ya zama dole, a yi shi da yamma lis bayan zuma ta koma, kuma kada a wanke kayan feshin a tafki.

Mu gangara bakin ruwa. Fadamar Albarkaize da kewayenta tana cikin dausayin da aka sa a jerin yarjejeniyar Ramsar a 2001, Dallol Mauri kuma ya bi baya a 2004. Abin da ya jawo wa fadamar wannan daraja tsuntsaye ne, har da waɗanda ke tasowa daga Turai su yi hunturu a nan, da kifi, da dorina, da ayu. Dukkansu kuwa burgu ne ke riƙe da su. Idan jan ruwan damina ya zo, baƙin ruwan Gini ya biyo baya da sanyi, kogi ya malala cikin burgu, a nan kifi ke zuba ƙwai, a nan ƙanana ke ɓuya daga giwan ruwa da tarwaɗa. Bargi har sheƙa yake ginawa da ciyawa. Ruwa ya ja, shanu su shigo su ci burgu su bar taki, takin ya ciyar da ruwan baɗi. Wanda ya tumɓuke burgu da saiwarsa don ya sayar, ko ya nome fadamar gaba ɗaya ya mai da ita shinkafa, ya taɓa Basarke ya taɓa Bafulatani a lokaci guda, shi ya sa rigimar da ke biyo baya ba ta da wuyar hasashe.

Ga kuma baƙuwar ciyawar nan mai shuɗin fure da ke yawo a kan ruwa, wadda asalinta Kudancin Amurka ne. Tana rufe fuskar ruwa, ta hana haske da iska shiga, ta danne burgu, ta tare jirgi da taru. Don haka sai an yi gayya an kwashe ta, an shanya, an mai da ita taki. Amma ɓarnar da ta fi ta sauri tamu ce: kamun kifi da gidan sauro, wanda ba ya barin ko ɗan tsako, da zuba guba irin gamalin a ruwa. Guba ba ta zaɓe, kuma kifin da ta kashe cikin mutane yake ƙarewa. Wannan magana ce ta sarakunan ruwa na gaɓa biyu, domin kifin da aka haifa a Tanda bai san tutar Benin ko ta Najeriya ba.

Kada wani ya ce abin ya fi ƙarfinmu. Mutanen Maradi da Damagaram ba su kai mu samun ruwa ba, amma tun shekarun 1980 suka fara barin tsiron da ke fitowa daga kututture a gona, su sassabe shi su bar mai ƙarfi, har aka ƙiyasta sun farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Ba su sayi dashe ba, ƙanana kawai suka daina kashewa. Bana kafin sharar gona, a zagaya a sa wa kowace ƙaramar giginya da ɗorawa da kaɗanya alama, a nuna wa mai garma da mai kiwo, sannan a sanar da ma'aikatan gandun daji na Gaya duk inda aka ga ana sara ba izini ko ana zuba guba a ruwa.