Ƙwallon Raga: Gasar 'Yan Mata ta Duniya da 'Ya'yan Nijeriya da ke Ci wa Italiya Kofi

A watan Agusta na shekarar 2025, a birnin Surabaya na ƙasar Indunusiya, 'yan matan Italiya suka doke na Japan da ci uku da biyu a wasan ƙarshe na gasar ƙwallon raga ta duniya ta 'yan ƙasa da shekara 21. Wannan shi ne karo na uku da Italiya ta ɗauki kofin, bayan na 2011 da na 2021. Ba kasafai labarin wannan gasa kan kai kunnen masu sha'awar wasanni a Afirka ta Yamma ba, domin ƙwallon ƙafa ya cinye fili. To amma akwai dalilin da zai sa mutumin Kano ko Maraɗi ya tsaya ya dube ta: kaso mai tsoka na ƙarfin da Italiya ta yi a wannan wasa cikin shekaru goman nan ya fito ne daga 'ya'yan baƙin haure 'yan Afirka, musamman 'yan Nijeriya, alhali kuwa babu wata ƙasar Afirka da ta taɓa samun ko da lambar tagulla a gasar tun da aka fara ta.

Hukumar ƙwallon raga ta duniya, FIVB, ita ce ta ƙirƙiro gasar a 1977 a ƙasar Brazil, inda Koriya ta Kudu ta zo ta ɗaya, ta kuma sake maimaitawa a 1981. Tun daga 1985 ake yin ta duk bayan shekara biyu. Akwai kuma ƙanwarta, ta 'yan ƙasa da shekara 19. Kafin 2023 iyakar shekarun gasannin biyu 20 ne da 18, sai aka ƙara wa kowacce shekara guda.

Duk wanda ya bi jerin ƙasashen da suka ci kofin, zai ga kamar ana karanta masa labarin gasar Olamfik ne tun kafin a yi ta. Kyuba ta ci a 1985, sannan manyan 'yan wasanta suka kwashe zinariyar Olamfik sau uku a jere, a 1992 da 1996 da 2000. Brazil, wadda ta fi kowa da kofi shida, ta ci huɗu a jere daga 2001 zuwa 2007, sai ga ta da zinariya a Beijing a 2008 da London a 2012. A 2013, a birnin Brno na Jamhuriyar Czech, wata doguwar yarinya 'yar manoma daga lardin Henan mai suna Zhu Ting ta ja ragamar ƙasar Sin zuwa ga nasara, aka kuma zaɓe ta gwarzuwar gasar. Shekara uku bayan haka ita ce gwarzuwar gasar Olamfik ta Rio, inda Sin ta ɗauki zinariya. Juma'ar da za ta yi kyau, in ji masu iya magana, tun daga Laraba ake gane ta.

Labarin Paola Egonu ma haka ya faro. An haife ta ranar 18 ga Disamba, 1998, a garin Cittadella da ke arewacin Italiya, iyayenta kuma dukkansu 'yan Nijeriya ne da suka je can neman abin kai wa bakin salati. A bisa dokar ƙasar ta 1992, haihuwa a Italiya ba ta mayar da ɗan baƙo ɗan ƙasa, don haka sai da ta kai shekara 14 kafin ta samu takardar zama 'yar ƙasa, bayan mahaifinta ya samu tasa. Daga baya iyalin suka tattara suka koma birnin Manchester na Ingila, kamar yadda 'yan Afirka da yawa masu fasfo ɗin Italiya suka yi a lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya yi sanyi. Ita kam ba ta bi su ba. Wasan ya riga ya riƙe ta a Italiya.

A watan Agusta na 2015, tana da shekara 16, Italiya ta doke Amurka a wasan ƙarshe na gasar 'yan ƙasa da shekara 18 a ƙasar Peru, aka kuma ba Egonu lambar gwarzuwar gasa. Wata guda bayan haka aka tafi da ita Puerto Rico gasar yayyenta, 'yan ƙasa da shekara 20, inda Italiya ta zo ta uku. A 2016 tana Rio tare da manyan 'yan wasan ƙasar. A gasar duniya ta manya ta 2018 ita kaɗai ta ci maki 45 a wasan kusa da na ƙarshe da suka yi da Sin. Sannan ranar 11 ga Agusta, 2024, a Paris, Italiya ta lallasa Amurka da ci uku da nema, ta samu zinariyar Olamfik ta farko a tarihinta a wannan wasa, maza da mata, kuma Egonu ce gwarzuwar gasar.

Ba ita kaɗai ba ce. A cikin tawagar Paris akwai Loveth Omoruyi, haifaffiyar garin Lodi wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne, kuma tana cikin waɗanda suka ci kofin 'yan ƙasa da shekara 20 a 2021. Akwai Myriam Sylla, wadda aka haifa a Palermo, iyayenta 'yan Kwaddibuwa. A wajen tawagar Paris kuma akwai 'yan uwan juna biyu, Sylvia da Linda Nwakalor, su ma jinin Nijeriya, waɗanda suka ratso ta tawagogin matasa na ƙasar.

Sau da yawa akan saurari masu cewa ai baiwa ce ta jiki, tsawo da ƙarfin tsalle. Gaskiya ne tsawo yana da rana a wasan da ragarsa ta kai mita 2.24 ga mata, kuma Egonu ta haura mita 1.90. To amma idan jiki ne kaɗai, ai Nijeriya, mai mutane sama da miliyan 200, ba ta rasa dogayen 'yan mata ba. Abin da Italiya ta mallaka shi ne wani tsari mai suna Club Italia, wanda hukumar ƙwallon raga ta ƙasar ta kafa a 1998 bisa shawarar Julio Velasco, mai horarwa ɗan asalin Ajantina. Tsarin ba shi da wani sirri. Ana zagaya ƙananan ƙungiyoyin garuruwa a zaɓo yara masu shekara 14 ko 15, a tara su wuri guda, su kwana tare, su je makaranta da safe, su yi atisaye da yamma a hannun ƙwararru. Abin da ya fi muhimmanci, ana sanya wannan ƙungiya ta yara cikin gasar lig ta manya, har ta kai ga ta buga a rukuni na ɗaya na ƙasar. Yarinyar da ta saba karawa duk mako da matan da suka girme ta da shekara goma ba ta razana idan ta haɗu da sa'o'inta na Amurka ko Japan. Egonu ta shiga wannan tsari a 2013, ta bar shi a 2017. Velasco kuwa, wanda ya shuka irin, shi ne ya dawo ya jagoranci tawagar da ta ci zinariya a Paris, shekara 26 bayan haka.

Dalilin da ya sa ake kama yaran da wuri yana cikin yanayin wasan kansa. 'Yan wasa shida ne a kowane ɓangare, a fili mai tsawon mita 18 da faɗin mita 9, kuma ba a yarda a riƙe ƙwallon ba. Taɓawa uku kacal kowane ɓangare yake da ita: a tare, a ɗaga, a buga. Idan ta farkon ta karkace, sauran biyun sun lalace. Tarar ƙwallon da ke zuwa da gudu da damtsen hannu, a kuma aika ta daidai inda mai ɗagawa take, abu ne da hannu ke koya cikin shekaru, ba a zangon horo na mako uku kafin a hau jirgi ba.

Ba wai komai ya tafi daidai ga waɗannan 'yan mata ba. A watan Oktoba na 2022, bayan Italiya ta zo ta uku a gasar duniya, an ɗauki hoton Egonu tana kuka tana shaida wa wakilinta cewa har yanzu ana tambayar ta ko ita 'yar Italiya ce, ta kuma janye daga tawagar ƙasar na ɗan lokaci. Bayan nasarar Paris, wasu suka bi dare suka shafa fenti ruwan hoda a kan fatarta a wani zane da aka yi mata a bango a birnin Rum. Wannan ita ce matar da aka zaɓa cikin masu riƙe tutar Olamfik a bikin buɗe gasar Tokyo a 2021.

A gida Nijeriya, wasan ba baƙo ba ne. Matan ƙasar sun ci zinariya a gasar wasannin Afirka da aka yi a Abuja a 2003. Bayan zaɓen Injiniya Musa Nimrod na Kaduna a matsayin shugaban hukumar wasan a 2017, an farfaɗo da gasar lig ta ƙasa, inda ƙungiyoyin hukumomi masu kayan sarki, irin su kwastan da jami'an tsaron farar hula, suka fi yin fice, an kuma tura 'yan mata gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 18 da aka yi a Durango ta ƙasar Meksiko a 2021. Zuwa kam an je, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai tazarar da ke tsakanin zuwa da hawa dandamalin karɓar lamba tana da faɗi, kuma ba kuɗin jirgi ne zai cike ta ba.

Ga wanda zai ce Italiya ƙasa ce mai arziki, misalin Kenya ya fi kusa. Matan Kenya sun ci kofin Afirka na manya sau goma ya zuwa 2023, sun kuma je Olamfik a 2000 da 2004 da Tokyo da Paris. Tushen ƙarfinsu makarantun sakandare ne, irin su Lugulu da Kwanthanze, waɗanda ke fafatawa a gasar makarantu ta ƙasa duk shekara, daga nan ƙungiyoyin kamfanoni da na hukumomi su ɗebe su aiki. Arewacin Nijeriya da kudancin Nijar ba su rasa makarantun kwana na 'yan mata ba, kuma wasan bai buƙaci fiye da raga da sanduna biyu da ƙwallo da fili mai laushi ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne malamin wasa da ya san aikin, da kuma gasa mai ɗorewa da za ta sa shugabar makaranta ta ɗauki abin da muhimmanci.

Sai batun sutura, wanda shi ne iyaye da yawa a ƙasar Hausa kan fara tambaya, kuma tambaya ce da ke bisa hanya. A nan al'amura sun sauya fiye da yadda mutane suka sani. Matan Iran suna buga wasannin ƙasa da ƙasa da lulluɓi da dogon wando. Doaa Elghobashy ta Masar ta buga ƙwallon raga na bakin teku a Rio a 2016 sanye da hijabi, bayan FIVB ta sassauta dokar tufafin wannan reshe a 2012. Megawati Hangestri Pertiwi ta Indunusiya kuwa ta shafe kakar wasa biyu, daga 2023 zuwa 2025, tana cikin manyan masu cin maki a gasar ƙwararru ta Koriya ta Kudu, da ɗankwalinta a ka.

Idan aka ci gaba da yin gasar duk bayan shekara biyu, 'yan matan da za su buga ta 2031 suna ƙananan azuzuwan sakandare a yanzu, wato daidai shekarun da aka ɗauki Egonu daga ƙungiyar garinsu aka kai ta Club Italia.